Bugu uku a kan girin: me ya kamata in fara gyarawa?

Ɗan Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena, ina neman shawararku a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na ɗan kwana biyu ina buga golf a nan Kaduna, galibi ranar Asabar da sassafe, wani lokaci kuma da yammacin Laraba idan aiki ya bari. Bugun nesa ya fara daidaita, har nakan kai ƙwallo kan girin, wato askakkiyar ciyawar da rami yake cikinta, ba tare da na ji kunyar abokan wasa ba, amma da zarar na zaro fota, sandar da ake mirgina ƙwallo zuwa rami da ita, daga jaka sai lissafi ya rikice. Ramin da ya kamata in gama da bugu biyu sai in yi uku, kuma abin da ya fi damuna shi ne rashin tabbas, domin yau ƙwallon za ta tsaya da sauran tazara mai yawa, wani makon kuma a wannan ramin dai ta wuce da taku biyu ko uku, alhali a jikina ina jin ƙarfi ɗaya na sa. Gajeren bugu na ƙafa 4 ko 5 ma, wanda wasu suke zurawa ba tare da dogon tunani ba, ni sai in ga ƙwallon ta lashi bakin rami ta fice, kuma yawanci ta gefen dama.

Wani abokina ya ce fotar ce ba ta dace da ni ba, saboda mai siririn kai ce kuma ta hannu na saya, ya kuma ba ni shawarar in nemi mai faffaɗan kai irin wadda manyan 'yan wasa suke riƙewa yanzu. Da na ji farashinta sai na ga ba kuɗin da za a kashe a kan zato ba ne. Shi ya sa nake tambaya: shin sanda ce matsalata ko hannu, kuma idan hannu ne, da wane atisaye zan fara, ganin cewa lokacin da nake samu a fili kaɗan ne? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Ritaya, Malali:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ajiye kuɗinka tukuna. Sandar da ta zura ƙwallo a rami ko da sau ɗaya ta nuna cewa za ta iya, kuma daga bayaninka na fahimci cewa kana ɗora wa gajeren bugu laifin da ba nasa ba ne.

Ka fara sanin abin da ƙwararru kansu suke iyawa, domin yawancinmu muna auna kanmu da abin da talabijin take nunawa, ita kuwa talabijin bugun da ya shiga take maimaitawa. Farfesa Mark Broadie na Jami'ar Kolombiya a Amurka, wanda gasar PGA Tour ta ɗauki hanyar lissafinsa ta auna bugun fota a 2011, ya nuna cewa daga ƙafa 8 ƙwararrun nan rabi kawai suke zurawa, daga ƙafa 10 kusan kashi 40 cikin 100, daga ƙafa 20 kuwa kusan kashi 15. Ko daga ƙafa 5, kusan bugu ɗaya cikin huɗu yana kuɓuce musu, a kan girin da aka aske aka daidaita fiye da duk wanda ni da kai muke takawa. To idan bugunka na farko yana barinka da ƙafa 5 ko 6 a kowane rami, ka sa kanka a wurin da ko su ma suna faɗuwa, kuma bugu uku ya zama dole ya riƙa zuwa. Wanda bugunsa na farko yake tsayawa a cikin ƙafa 2 daga rami ba ya buƙatar gwanintar komai a bugu na biyu. Saboda haka aikinka na farko shi ne auna ƙarfi, sauran duk su biyo baya.

Mu da muka fara wasa a zamanin da yawancin filayen ƙasar nan ba su da girin na ciyawa, sai da'irar yashi da aka cakuɗa da mai, mun koyi wannan ne ba da niyya ba. Kafin ka buga, yaro zai ja wani abu mai faɗi ya lallashe maka yashin daga ƙwallo zuwa rami, kuma da yake wurin kusan shimfiɗaɗɗe ne, ba ka da aikin karanta gangara mai yawa, duk hankalinka yana kan nauyin bugu. A kan irin wannan yashi aka riƙa buga gasar Nigerian Open a Ikoyi ta Legas, wadda Sandy Lyle ya ci a 1978, Peter Tupling kuma ya gama zagaye huɗu nata da bugu 255 a 1981. Ba ina cewa a koma yashi ba ne, ciyawa ta fi daɗin wasa nesa ba kusa ba, amma na lura matasan yanzu suna tsugunawa su daɗe suna duban layi, sannan su tashi su buga ba tare da sun tambayi kansu tazarar taku nawa ce ba.

Ga yadda ake gina ma'aunin ƙarfi. Nisan da ƙwallo za ta yi ya kamata ya fito daga tsawon jan sanda baya, lokacin da bugun yake ɗauka kuwa ya zama iri ɗaya ko gajere ne ko dogo. Mai ja baya kaɗan sannan ya zabura ya doki ƙwallo, da mai ja baya da yawa sannan ya rage gudu don tsoro, dukansu sun bar nisan a hannun sa'a. Ka je girin na atisaye, ka nemi wuri mai shimfiɗa, ka ja kan fota baya zuwa daidai babban yatsan ƙafarka ta dama, ka sake shi ya wuce da kansa ba tare da ka nufi wani rami ba. Ka yi haka da ƙwallo uku. Idan sun taru wuri ɗaya, ka ƙirga taku nawa suka yi, wannan shi ne ma'auninka na wannan rana. Daga nan ka ja zuwa bayan ƙafar, ka sake ƙirgawa. Masu kula da fili suna da nasu ma'aunin, wato Stimpmeter, ɗan kwararon ƙarfe da Edward Stimpson ya ƙirƙiro a 1935, wanda ake gangaro da ƙwallo daga kansa a auna ƙafa nawa ta yi. Girin na manyan gasa yakan kai ƙafa 11 zuwa 13, na filayen yau da kullum kuma ƙasa da haka. Kai ba ka buƙatar wannan ƙarfe, minti biyar kafin a fara wasa sun isa ƙafarka da hannunka su gaya maka gudun girin na ranar.

Bayan haka ka riƙa yin atisayen dogon bugu daga taku 7, taku 10 da taku 13, kana sauya tazara a kowane bugu, kada ka tsaya wuri ɗaya kana maimaitawa, domin a cikin wasa ba a ba ka bugu iri ɗaya sau biyu. Wani lokaci ka ajiye sandar ma, ka mirgina ƙwallon da hannu kana kallon ramin, za ka ga jikinka ya san nisa fiye da yadda kake zato.

Injiniya, Barnawa:

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ban ja da ko ɗaya daga cikin abin da kuka faɗa ba, sai dai ɗan'uwanmu ya ambaci wani abu da bai kamata a wuce shi ba, wato gajeren bugunsa yawanci dama yake fita. Kuskuren da yake maimaita kansa ta gefe ɗaya yana da sanadi guda, kuma ana iya gano shi a falo ba sai an je fili ba.

Malam, bari mu yi lissafi kaɗan. Faɗin rami inci 4.25 ne, wato milimita 108, ita kuma ƙwallo faɗinta bai gaza milimita 42.67 ba. Masu auna bugu da na'ura sun tabbatar cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na inda ƙwallo take dosa da farko ya dogara ne da inda fuskar fota take kallo a daidai lokacin haɗuwa, hanyar da kan sandar ya bi kuwa tasirinta kaɗan ne. Idan fuskar ta karkace da digiri 1 kacal, a tazarar mita 3 ƙwallon za ta kauce da kusan santimita 5.2, rabin faɗin rami kuwa santimita 5.4 ne, ka ga ta isa baki ke nan. A tazarar mita 1.5, wadda ita ce ƙafa 5 ɗin da kake kuka da ita, digiri 2 ne suke yin wannan ɓarna. Don ka ji ƙanƙantar digiri 1, ka dubi dogon hannun agogon bango: abin da yake motsawa a cikin daƙiƙa 10 ke nan. Ido ba ya kama wannan a lokacin bugu, shi ya sa ake buƙatar abin da zai nuna shi.

Ka sayi rular ƙarfe mai tsawon mita 1 a wurin masu kayan gini, irin mai faɗin kusan santimita 3 da ɗan huji a ƙarshenta. Ka shimfiɗa ta a kan tayil ko kafet, ka ɗora ƙwallo a kan hujin, ka buga ta bi tsawon rular. Idan fuskar tana kallon daidai, za ka ji ƙarar ƙwallon a kan ƙarfe har ƙarshe; idan ta karkace da digiri 1 ko fiye, za ta sauka kafin ta kai, kuma gefen da take sauka shi ne amsar tambayarka. Minti 10 bayan sallar isha'i, kwana huɗu ko biyar a mako, sun fi awa biyu a fili sau ɗaya a wata.

Idan ta ci gaba da sauka dama, kuma kai na-dama ne, akwai wurare uku da za a duba. Na ɗaya, wataƙila tun farko dama kake saitawa kana zaton rami kake kallo, abin da yake faruwa da mutane da yawa idan idanunsu ba su daidaita da layin ƙwallo ba. Ka tsaya yadda ka saba, ka riƙe wata ƙwallon a karan hancinka ka sake ta. Ya kamata ta faɗi a kan wadda take ƙasa ko ɗan ciki kaɗan ta wajenka. Na biyu, wataƙila ƙwallon ta yi baya da yawa a tsakanin ƙafafunka, sai fuskar ta same ta tun ba ta gama dawowa daidai ba. Ka matsar da ita gaba da tsakiya kaɗan. Na uku, kuma shi na fi zato, ɗaga kai ne don ganin sakamako, wanda yake buɗe kafaɗu kafin a gama bugu. Ka jingina wayarka a ƙasa a bayan ƙwallo ka ɗauki bidiyo, gani ya kori ji.

Akwai kuma atisayen ƙofa wanda Tiger Woods ya shahara da shi: a kafa 'yan turakun ti, irin waɗanda ake ɗora ƙwallo a kansu, guda biyu a ƙasa, ɗaya a hancin fota ɗaya a dugaduginta, yadda kan zai wuce da ƙyar. Amfaninsa shi ne ya tilasta maka dukan ƙwallo da tsakiyar fuska. A nan ne maganata take haɗuwa da ta Baba, domin bugun da ya sami ƙwallo a gefen fuska yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, don haka mutum zai iya jan sanda baya iri ɗaya sau biyu ya sami nisa iri biyu. Fota mai faffaɗan kai tana rage wannan asara saboda an baza nauyinta zuwa gefe da baya, wannan gaskiyar abokinka ce, sai dai ba ta gyara saiti.

Game da ƙarfi, ni ina bin ra'ayin Dave Pelz, wanda ya yi aiki a hukumar NASA kafin ya koma binciken golf. Gwaje-gwajensa sun kai shi ga cewa bugun da ya fi shiga shi ne wanda, in ya kuskure, zai wuce rami da inci 17, kusan santimita 43, saboda ƙwallon da take dab da tsayawa kowane sawun takalmi a bakin rami yana iya kautar da ita.

Koci, Kabala:

Ranku ya daɗe, Baba da Injiniya. Ni da ɗaukar jaka na fara kafin in kai ga koyarwa, don haka abin da zan ƙara na ƙasa ne da ciyawa.

Yallaɓai mai tambaya, ka ce kana wasa Asabar da sassafe da kuma Laraba da yamma. Ka sani girin biyu daban kake bugawa ko da rami ɗaya ne. Da sassafe, musamman a damina da kuma ƙarshenta wajen Oktoba, raɓa tana kwance a kan ciyawa, ƙwallo tana tafiya a hankali tana fesa ruwa a bayanta, kuma ba ta lanƙwasa sosai domin dole ka buga da ƙarfi. Da yamma, rana ta busar da wurin, sai wannan ƙarfin ya wuce da ita. A watan Agusta ƙasa tana da laushi, ciyawa tana tsiro da sauri, girin yana da nauyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, hunturu yana busar da saman girin har ya yi tauri, inda ruwan ban-ruwa bai kai sosai ba ciyawar ta yi ja ta kwanta, ƙwallo ta riƙa gudu tana ɗan tsalle. Hannunka bai canza ba, ƙasar ce ta canza, kuma wannan ne dalilin da ya sa awon taku da Baba ya faɗa ya zama wajibi a kowace rana, ba sau ɗaya a shekara ba.

Karatun girin yana farawa tun kana tahowa daga nesa, kafin ka hau, domin daga can ne ake ganin gefen da ya fi tudu. Ka tambayi kanka inda ruwan sama zai bi idan aka yi mamako. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin bishiya yana jiran ruwa ya ɗauke ya ga amsar da idonsa, kuma ƙwallo hanyar ruwan take bi. Idan ka hau, ka tsaya a tsakiyar tazara ka buɗe ƙafafu, ka ji wadda nauyinka ya fi sauka a kanta. A kan wannan ne Mark Sweeney ya gina hanyar auna gangara mai suna AimPoint da ake ganin irin su Adam Scott da Justin Rose suna ɗaga yatsu da ita, amma ko ba ka koyi lissafinta ba, tafin ƙafa yana gane gangarar da ido yake musantawa. Ka fi mayar da hankali ga kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen hanya, domin a nan ne gudu yake raguwa, gangara kuma take samun iko. Bugun gangara yana lanƙwasa fiye da na hawa, saboda a hankali ake sakinsa kuma yana daɗewa a hanya.

Abin da na fi gani a wurin masu koyo shi ne rowar lanƙwasa. Mutum zai ga ƙwallo za ta karkata, sai ya ba ta rabin abin da take buƙata, ta wuce ta ƙasan rami tana ƙara nisa. Wadda ta bi ta sama, ko ta kuskure, tana matsowa kusa da rami ne yayin da take mutuwa, kuma tana da damar faɗawa ta gefe. Idan kana da raɓa, ka dubi layin da ƙwallonka ta zana a kanta bayan bugu, ka gwada shi da inda ka yi niyya, darasi ne na kyauta.

Sai kwanciyar ciyawa. Girin na ƙasashe masu zafi galibi ciyawar Bamuda ce, dangin wadda muke kira kiri-kiri, kuma ba a tsaye take tsiro ba, kwanciya take yi ta fuskanci gefe ɗaya. Idan ka duba daga bayan ƙwallo ka ga ciyawar tana ƙyalli da haske, tare da kwanciyarta za ka buga, ƙwallon za ta yi gudu. Idan ka ga ta yi duhu, kana fuskantar tsininta ne, sai ka ƙara ƙarfi. Ka leƙa bakin ramin kuma: gefen da ya yi kaushi ya bushe, can ciyawar take kwantawa, can kuma za ta ja ƙwallo idan ta rage gudu. Ka kiyaye dai, doka ba ta yarda ka goga hannu ko sanda a kan girin don gwada shi alhali ba ka gama wasan ramin ba. Abin da ta yarda shi ne ka sa alama ka ɗauki ƙwallonka ka goge ta, kuma tun daga 2019 kana iya gyara sawun takalmi da sauran lahani a kan layinka, kana kuma iya barin tuta a cikin rami. Goge ƙwallon kada ka raina shi, ɗan laka ko ƙwayar yashi a jikinta ya isa ya kautar da bugun ƙafa 4.

Ɗan Unguwar Rimi:

Allah ya saka muku da alheri, iyayena. Maganar Koci ta safe da yamma ta warware mini abin da na daɗe ban gane ba, kuma zan nemi rular a wannan makon. Saura abu ɗaya da ban faɗa ba da farko. A atisaye hannuna lafiya yake, amma ranar gasa, idan mutane suka yi shiru suna kallona a kan gajeren bugu, sai in ji hannun dama ya ɗan zabura da kansa a daidai lokacin dukan ƙwallo. Na ji an ce doguwar fota da ake jinginawa a ƙirji tana maganin wannan. Shin doka ta yarda da ita?

Hajiya, Unguwar Sarki:

Ƙanena, doguwar fota halal ce a wasa har yanzu, abin da aka hana shi ne jingina ta. Bayan Keegan Bradley ya ci babbar gasa a 2011 da fotar da ake tokarawa a ciki, Webb Simpson da Ernie Els suka biyo baya a 2012, Adam Scott kuma ya ci babbar gasar Masters a 2013 da doguwar da ake tokarawa a ƙirji, hukumomin R&A da USGA masu tsara dokokin wasan sun haramta tokara sanda a jiki daga ranar 1 ga Janairu, 2016. Kana iya riƙe doguwar, amma kada ƙarshenta ko hannun da yake riƙe da shi ya manne da ƙirjinka.

Sai dai ban ga ka kai can ba tukuna. Zaburar hannu ta gaske cuta ce da ta wahalar da manya, Bernhard Langer ya yi fama da ita a lokuta daban-daban na rayuwarsa, ya sauya riƙo sau da yawa, kuma duk da haka ya ci Masters a 1985 da 1993. Abin da ka kwatanta ya fi kama da fargaba ta yau da kullum, wadda ba ta bar kowa ba. Doug Sanders ya kuskure bugun kusan ƙafa 3 a rami na ƙarshe a St Andrews a 1970, bugun da zai ba shi gasar Open, washegari kuma Jack Nicklaus ya doke shi a wasan raba gardama. Fargaba tana sauka ne a ƙananan gaɓoɓi, yatsu da wuyan hannu, don haka maganinta na farko shi ne a karɓe aikin daga hannunsu a ba kafaɗu. Ka gwada sauko da hannun hagu ƙasa da na dama, riƙon da Jordan Spieth yake yi, domin yana hana wuyan hannun hagu karyewa kuma yana rage ikon na dama. Ko kuma ka sa a sauya maka robar mariƙin da mai kauri, wadda kuɗinta bai kai ko kusa da na sabuwar sanda ba.

Na biyu shi ne ido. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ta auna motsin idon masu bugun fota tun a 1992, ta gano cewa gwanaye suna tsayar da ido wuri ɗaya a kan ƙwallo na kusan daƙiƙa 2 kafin bugu, kuma suna barinsa a wurin na ɗan lokaci bayan ƙwallon ta tafi, marasa ƙwarewa kuwa idonsu yana yawo tsakanin rami da sanda da ƙwallo. Ni abin da nake yi shi ne in zaɓi ɗigo guda a bayan ƙwallon, in dubi rami sau biyu, in dawo da ido kan ɗigon, in saki numfashi, in buga, kuma ba na ɗaga kai sai na ga launin ciyawar da take ƙarƙashin inda ƙwallon ta tashi. Tsarin ba ya canzawa ko bugun na cin kofi ne ko na wasan yamma, kuma ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi, domin tsayuwa mai tsawo a kan ƙwallo ita ce take ba tunani damar shigowa. Wannan kuma zai taimaka wa ɗaga kan da Injiniya yake zargi.

Atisayen da ba shi da abin tsoro ba ya shirya mutum don ranar gasa. Ka jera ƙwallo shida a zagaye da rami mai ɗan gangara, kowace a ƙafa 3, ka ƙudura cewa ba za ka tafi gida ba sai ka zura su duka a jere, wadda ta kuskure kuma a koma farko. A ƙwallo ta biyar za ka ji irin bugun zuciyar da kake ji a gasa, a nan ne za ka gwada sabon riƙo da tsayar da ido.

Game da sayen sanda, ba zan ce abokinka ya yi kuskure gaba ɗaya ba. Scottie Scheffler ya koma fota mai faffaɗan kai a watan Maris na 2024, ya ci gasar Arnold Palmer a wannan makon, ya kuma ci Masters a Afrilu, amma kafin nan ya shafe watanni yana aiki da kocin bugun fota Phil Kenyon. Abin da zan ce ka duba yanzu shi ne tsawo, domin yawancin fota inci 33 zuwa 35 ne, kuma wadda aka saya ta hannu an yanka ta ne ko an zaɓe ta don jikin wani. Idan ta yi maka tsawo za ka ga hancinta yana ɗagawa sama idan ka tsaya, idanunka kuma su yi nisa da layi. Ka ari mai faffaɗan kan ta wani ka gwada ta a kan rular kafin ka yanke shawara.

Baba Mai Ritaya, Malali:

Hajiya ta gama magana a kan wannan. Injiniya, inci 17 ɗin nan ina karɓarsa a bugun hawa da kuma damina, amma ba a gangara cikin hunturu ba, domin duk ƙarin gudu yana rage faɗin ramin da zai iya kama ƙwallo, kuma a busasshen girin wadda aka nufa ta wuce da inci 17 takan wuce da ƙafa 4. Daga taku 10 zuwa sama ma ni ba na son ɗalibi ya yi tunanin wucewa, ya nufi ta mutu a bakin rami, rabi su tsaya kaɗan kafinsa rabi kaɗan bayansa.

Ɗana, kafin ka canza komai, ka yi zagaye uku ko huɗu kana rubutu a bayan katin maki. Jimillar bugun fota kaɗai ba ta faɗin gaskiya, domin wanda yake kuskure girin ya matso da ƙwallo kusa da rami daga wajen girin zai fito da adadi kaɗan ko da hannunsa ba shi da kyau. A kowane rami ka rubuta taku nawa ne bugun farko, ƙafa nawa ya rage maka, ya gaza ne ko ya wuce, ta sama ya bi ko ta ƙasa, sannan a saman katin ka sa ko safe ne ko yamma. Idan ragowar ta fi yawa a ƙafa 4 zuwa sama, ka ba awon taku kashi biyu cikin uku na lokacinka. Idan ragowar gajera ce amma tana fita dama, rular Injiniya ce aikinka. Ka kawo katunan ranar wata Asabar bayan wasa, ni da Koci mu duba su tare da kai.